Yadda Za Ka Tantance Lambar Wasan Bidiyo Mai Arha Kafin Ka Biya Kuɗinka

Duk wanda ya taɓa neman sabon wasa a Steam, babban shagon wasannin kwamfuta na intanet, ya tarar an yi masa kuɗi dala 60 ko 70, sannan ya ci karo da wani shafin yana tallar wasan nan a kan dala 25, ya san irin wasiwasin da ke biyo baya. Abin da irin waɗannan shafuka suke sayarwa shi ne lambar kunna wasa, wato jerin haruffa da alƙaluma da za ka shigar a asusunka na Steam, ko Xbox, ko Nintendo, wasan ya shiga cikin jerin wasanninka. Mafi yawan waɗannan lambobi suna aiki a ranar da aka saye su, shi ya sa za ka ji mutane da dama suna cewa ai su sun saya ba abin da ya faru. To amma aikin lamba a ranar farko ba shi ne ke nuna lafiyarta ba. Abin da ke nuna lafiyarta shi ne hanyar da ta biyo kafin ta iso hannunka, kuma wannan hanyar ce mai saye ba ya iya gani da idonsa.

Lambar wasa tana kama da lambar katin waya ta wajen cewa sau ɗaya ake amfani da ita, kuma wanda ya riga shigarwa shi ne mai ita. Ta Steam yawanci haruffa 15 ce da aka raba gida uku, ta Xbox 25, ta Nintendo 16, ta PlayStation kuma 12. Inda ta bambanta da katin waya, kuma nan ne tushen dukan matsalar, shi ne cewa kamfanin da ya fitar da wasan yana da ikon soke lambar ko da ka riga ka shigar da ita ka yi makonni kana wasa. Kamfanin Valve, mai Steam, yana ba masu yin wasanni waɗannan lambobi kyauta domin su sayar a wasu shaguna, ko su raba wa 'yan jarida, kuma yana ba su damar janye duk lambar da suka ce an samu ta hanyar sata ko zamba. Idan hakan ta faru, wasan zai ɓace daga asusunka, Valve kuma ba zai mayar maka da ko sisi ba, domin ba shi ka biya ba. Ƙa'idarsa ta mayar da kuɗi, wadda ta ce za ka iya fasa ciniki cikin kwana 14 matuƙar ba ka yi wasan awa biyu ba, ta shafi abin da ka saya a cikin Steam ne kawai.

Mataki na farko: gane irin shagon da ka shiga

Shagunan da ke sayar da lambobi kashi uku ne, kuma da yake dukansu suna da kyawawan hotuna da alamar rangwame, mutum zai iya ɗauka duk ɗaya ne.

Kashi na farko su ne shagunan da ke da izini, waɗanda suke karɓar lambobin kai tsaye daga kamfanin wasan, su sayar, su ba shi kasonsa. Humble Bundle, da Fanatical, da Green Man Gaming, da Gamesplanet suna cikin wannan kashi. Lambar da ka saya a wurinsu daidai take da wadda kamfanin ya miƙa maka hannu da hannu, kuma sau da yawa farashinsu yana ƙasa da na Steam. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce duba shafin IsThereAnyDeal, wanda ke kwatanta farashi tsakanin shagunan da ke da izini kaɗai, yana kuma nuna mafi ƙarancin kuɗin da aka taɓa sayar da kowane wasa.

Kashi na biyu su ne waɗanda suke sayen lambobi da kansu daga wurare daban-daban su sake sayarwa ba tare da yarjejeniya da kamfanin wasan ba. Shagon da aka daɗe da sani da suna CDKeys shi ne fitacce a nan. Ba ka san inda suka samo kayan ba, amma aƙalla mai kayan ɗaya ne, kuma shi za ka tuhuma idan an samu matsala.

Kashi na uku shi ne mafi haɗari, wato kasuwannin dillalai irin su G2A, da Kinguin, da Eneba, da Gamivo. Waɗannan shafuka fili ne kawai suka buɗe, 'yan kasuwa daga ko'ina a duniya suna kasa hajarsu, shafin yana cin la'adarsa a kan kowane ciniki. Idan ka danna wasa za ka ga jerin masu sayarwa da sunayen da suka laƙaba wa kansu, kowa da farashinsa. Wanda kake ciniki da shi a zahiri shi ne wannan mai laƙabin, wanda ba ka san ƙasarsa ba balle sunansa.

Daga ina arhar take fitowa

Ba adalci ba ne a ce duk lamba mai arha ta sata ce. Wasu an saye su ne a ƙasashen da kamfanoni ke rage wa farashi saboda ƙarancin kuɗin shigar jama'arsu, sai a fito da su a sayar wa na waje. Shekaru da dama Turkiyya da Ajantina ne suka yi suna a wannan harka, har zuwa watan Nuwamba na 2023 lokacin da Steam ya daina sa farashi da kuɗin ƙasashen biyu ya koma dala. Wasu lambobin kuma daga tarin wasannin da ake haɗawa a sayar a kan kuɗi kaɗan ne, mutum ya sayi wasa takwas a dunƙule ya rarraba su ɗaya-ɗaya. Akwai na kwalayen wasa da aka saro a kan sari aka kwafe lambobinsu, akwai kuma na kyautar da ake haɗawa da kayan kwamfuta. Waɗannan duka sun saɓa wa son ran kamfanonin, wasunsu ma sun saɓa wa sharuɗɗan sayarwa, amma ba a cuci wani mai katin banki ba.

Sai kuma ɗaya hanyar, wadda ita ce ta ɓata sunan harkar gaba ɗaya. Ɓarawo ya samu bayanan katin bankin wani, ya je shagon kamfanin wasa ya sayi lambobi masu yawa, ya zuba su a kasuwar dillalai a kan rabin kuɗinsu domin su fita da wuri. Kafin mai katin ya ga an cire masa kuɗi ya kai ƙara banki, an yi makonni, ɓarawon ya kwashe kuɗinsa ya yi gaba. Bankin zai janye kuɗin daga kamfanin wasan, a kuma ci shi tarar janyewar, saboda haka kamfanin ya rasa wasansa, ya rasa kuɗin, ya kuma biya tara. Abin da ya rage masa shi ne ya soke lambobin, wanda kuma sokewar take faɗawa a kansa shi ne mai sayen ƙarshe, mutumin da ya biya da kuɗinsa na halal.

Wannan ya faru a fili ba sau ɗaya ba. A 2014 kamfanin Rebellion na Ingila ya soke lambobi 7,050 na wasan Sniper Elite 3 da ya ce an sace su. A watan Janairu na 2015 masu wasan Far Cry 4 da yawa suka wayi gari wasan ya ɓace daga asusunsu, bayan Ubisoft ya gano cewa an sayi lambobin da katunan sata a shagon Origin na kamfanin EA aka sake sayar da su a kasuwannin dillalai. Daga baya, da surutu ya yi yawa, Ubisoft ya mayar wa waɗanda suka riga suka fara wasan, amma wannan sassauci ne ya yi, ba dole aka yi masa ba. A 2016 kamfanin tinyBuild ya yi zargin cewa an sayar da lambobin wasanninsa da darajarsu ta kai dala 450,000 a G2A ba tare da ya amfana ba, G2A kuma ya musanta lissafin. A 2019 Mike Rose, mai kamfanin No More Robots, ya fito ya ce gara masa mutane su sauke wasanninsa ta hanyar satar fasaha da su saya a G2A, tunda ko ta wace hanya ba abin da zai shigo masa. A lokacin ne G2A ya yi alƙawarin biyan ninki goma na asarar da aka yi ga duk kamfanin da ya tabbatar an sayar da lambobinsa na sata a shafin. Wube Software, masu wasan Factorio, suka miƙa jerin lambobi 321, binciken da G2A ya yi da kansa ya nuna 198 daga ciki a shafinsa aka sayar da su, a watan Mayu na 2020 kuma ya biya su dala 39,600.

A ganina wannan misali na ƙarshe ya fi sauran amfani ga mai saye, domin shafin ne da kansa ya amsa cewa kayan sata sun bi ta hannunsa, kuma sai bayan shekaru da sayar da su aka tabbatar. Wanda yake ƙyamar sayen kayan da ake shakkar asalinsu, ko don addini ko don mutunci, ya kamata ya san cewa a kasuwar dillalai babu yadda za a yi ya raba na halal da na sata ta hanyar duba shafin kawai.

Abubuwan dubawa kafin ka danna biya

Ka fara da neman farashin wasan a shagunan da ke da izini, ka kuma duba mafi ƙarancin kuɗin da aka taɓa sayar da shi. Wasan da ya shekara biyu ko uku da fitowa yakan faɗi ƙasa da rabin kuɗinsa a lokutan babban rangwamen Steam na watan Yuni da na Disamba, Epic Games Store kuma yana ba da wasa kyauta kowane mako tun 2019. Sau da yawa za ka tarar bambancin da ke tsakanin halastaccen shago da dillali bai wuce dala biyu ko uku ba, kuma wannan bai kai a saka kai cikin shakka saboda shi ba. Idan kuma wasan sabo ne fil, bai yi wata ɗaya da fitowa ba, sai ga shi a rabin kuɗi, to arhar ita kanta alamar tambaya ce, domin babu ɗan kasuwar da zai saro abu da tsada ya sayar da asara sai in ba da kuɗinsa ya saro ba.

Abu na biyu, wanda ya fi kama mutanenmu, shi ne yankin da lambar take aiki. Kusa da sunan wasan za ka ga an rubuta Global, ko EU, ko LATAM (ƙasashen Latin Amurka), ko RU/CIS (Rasha da wasu maƙwabtanta), ko ROW (sauran ƙasashen duniya ban da waɗanda aka ware). Ta farkon ce kawai ake nufin tana aiki ko'ina, ita ma sai ka buɗe jerin ƙasashen da aka cire ka tabbatar ƙasarka ba ta ciki, domin akwai wasannin da ba a sayar da su a yawancin ƙasashen Afirka ko da an kira lambar ta duniya. Wadda aka rubuta EU ta Turai ce, idan ka shigar da ita daga Kano ko Zinder tana iya ƙin karɓuwa, kuma dillalin zai ce laifinka ne tunda an rubuta. Wasu masu sayarwa za su ce ka kunna VPN ka nuna kamar kana wata ƙasa. Yarjejeniyar Steam ta hana ɓoye ƙasarka domin kauce wa iyakar yanki ko samun farashin wata ƙasa, kuma hukuncin zai iya shafar asusun gaba ɗaya. Mutumin da ya tara wasanni na shekara biyar bai kamata ya jefa su cikin haɗari don wasa ɗaya ba.

Na uku, ka karanta da kyau ka ga ko lamba ake sayar maka ko asusu. Wannan shi ne wurin da arha ta fi yaudara. Za ka ga wasan dala 70 a kan dala 8, sai bayan ka biya a turo maka sunan shiga da kalmar sirri na wani asusu da wasan yake ciki. Wannan asusun ba naka ba ne kuma ba zai taɓa zama naka ba: wanda ya buɗe shi yana riƙe da imel ɗin asali da shaidar biyan kuɗi, yana iya karɓe shi duk ranar da ya ga dama, kuma galibi ya sayar wa mutane da yawa shi a lokaci guda. Steam da Sony da Microsoft duka sun hana sayar da asusu, don haka babu inda za ka kai kuka. Shawarata a nan ba ta da togaciya, kada ka sayi asusu ko nawa ne. Haka nan wanda zai ce ka ba shi kalmar sirrinka domin ya shiga ya kunna maka wasan, wannan asusunka yake so.

Akwai kuma masu aiko da wasan a matsayin kyauta ta Steam, inda wani asusu zai nemi abota da kai sannan ya turo. Wannan ya fi sayen asusu sauƙi, amma idan an janye kuɗin da aka sayi kyautar da shi, wasan zai tafi kamar yadda lambar sata take tafiya.

Sauran dubawar ƙanana ne amma suna cin kuɗi. Ka tabbatar lambar ta manhajar da kake amfani da ita ce, domin wasa ɗaya yana iya samuwa a Steam, da Epic, da manhajar EA, da Ubisoft Connect, kuma lambar wannan ba ta shiga wancan. Ka tabbatar ainihin wasan ne ba ƙarin da ake ɗorawa a kansa ba. Idan a kasuwar dillalai kake, ka zaɓi mai sayarwar da ya daɗe kuma ya yi ciniki dubbai, ka karanta ƙorafe-ƙorafen baya-bayan nan maimakon yabon, kana sane da cewa yawancin masu yabo a ranar da lambar ta shiga suka rubuta, wanda aka soke wa tasa bayan wata biyu kuwa ba lallai ya dawo ya gyara ba. A shafin biya na ƙarshe ka sake duba jimillar, domin irin waɗannan kasuwanni suna ƙara kuɗin hidima a ƙarshe, wasu kuma suna saka maka rajistar wata-wata ko kuɗin kariya da aka riga aka yi wa alama. G2A ya sha suka a baya saboda tsarinsa na G2A Shield, wanda shigarsa ke da sauƙi amma fita sai an bi matakai masu yawa.

Yadda za ka biya

Steam ba ya sa farashi da naira ko sefa, kuma takurawar da bankunan Najeriya suka yi wa katunan naira wajen biyan kuɗin waje, musamman daga 2022, ta tura mutane da yawa wajen masu sayarwa a WhatsApp da Instagram waɗanda ke karɓar kuɗi ta tura wa asusun banki. A nan babu ma shafin da ya tsaya a tsakani, idan mutumin ya toshe lambarka magana ta ƙare. Sai dai in mai shago ne da ka san wurinsa kuma za ka iya komawa ka same shi, tura kuɗi ga baƙo don lambar wasa caca ce.

A kan shafukan waje, abin da ya fi dacewa shi ne katin dala na intanet da za ka zuba wa daidai kuɗin cinikin, ko wata hanyar biya irin PayPal da ba ta nuna wa shagon lambar katinka. Kada ka bari shafin ya adana katin, kuma kada ka yi amfani da katin da albashinka ko jarinka yake ciki. Kuɗin kirifto da katin kyauta ba a iya janye su bayan an tura, saboda haka mai sayarwar da ya nace sai da su, ya riga ya gaya maka yadda za ta kaya idan an samu saɓani. Kalmar sirrin da za ka buɗe asusu da ita a shagon kuma ta bambanta da ta imel ɗinka da ta Steam.

Bayan lambar ta iso

Ka shigar da ita nan take, kada ka ajiye sai an kwana biyu, domin mai sayarwa marar gaskiya yana iya sayar da lamba ɗaya ga mutum biyu, kuma wa'adin kai ƙorafi gajere ne. Kafin ka buɗe saƙon da lambar take ciki, ka kunna naɗar allo, ka ɗauki bidiyo tun daga buɗewar har zuwa amsar da Steam zai bayar. Idan ya ce wani asusun ya riga ya yi amfani da lambar, ko ba ta aiki a ƙasarka, wannan bidiyon shi ne hujjarka. Ka shigar da lambar a cikin manhajar Steam ɗin kanta, ta wurin ƙara wasa da ke ƙasa ta hagu, ko a shafin kamfanin da ka rubuta adireshinsa da hannunka. Duk wata mahaɗa da mai sayarwa ya turo wadda ke neman ka shiga da sunanka da kalmar sirri, ka bar ta. Ka kunna Steam Guard, wato ƙarin kariyar shiga asusun Steam, a wayarka idan ba ka riga ka yi ba, ka kuma ajiye rasit da hoton lambar a wuri ɗaya.

Masu PlayStation lamarinsu ya ɗan bambanta. Tun 1 ga Afrilu 2019 Sony ya daina ba shaguna lambobin cikakkun wasanni su sayar, don haka wanda ke tallar sabon wasan PS5 da arha a intanet, a mafi yawan lokuta asusu yake sayarwa, irin wanda ake cewa ka mai da na'urarka ta farko ko ta biyu a kansa. Abin da ake sayarwa ta halastacciyar hanya shi ne katin zuba kuɗi da na PlayStation Plus, su kuma suna ɗaure da ƙasa: katin Amurka ba ya shiga asusun Birtaniya, kuma ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusu ba ta canzuwa. Da yake Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shagonsa, kusan kowa a nan da adireshin wata ƙasa ya buɗe nasa, sai ka duba wace ƙasa ce taka kafin ka sayi kati.

Idan an soke lambar ko ta ƙi aiki

Ka fara da mai sayarwar ta hanyar akwatin ƙorafi na shafin, ba ta wata hanyar waje da zai ja ka zuwa gare ta ba, ka haɗa da bidiyon da rasit da saƙon da Steam ya nuna. Idan ya yi shiru ko ya fara jan ƙafa, ka ɗaga maganar zuwa ga masu shafin kafin wa'adinsu ya cika, kuma ka nemi a mayar da kuɗin ta hanyar da ka biya, domin sun fi son su ba ka kuɗin sayayya da ba za ka iya kashewa ko'ina ba sai a wurinsu. Idan duka wannan bai yi ba, sai ka kai wa bankinka ko kamfanin katinka ƙorafin cewa ba ka samu abin da ka biya ba. Ka lura da kyau cewa shagon da ya karɓi kuɗinka kaɗai za ka yi wa haka. Wanda ya janye kuɗin da ya biya Steam ko Sony kai tsaye ta hanyar banki, ana iya taƙaita ko dakatar da asusunsa har sai ya biya. Rubuta wa kamfanin wasan ma yana da amfani, musamman ƙananan kamfanoni, domin suna iya gaya maka dalilin sokewar, wannan amsar tasu kuma za ta ƙarfafa ƙorafinka a wajen shagon da bankin.